Gashin Siliki

Shekara ashirin da biyu ke nan ina gyaran gashi a shago ɗaya, kuma kan da na fi sani a duniya ba nawa ba ne, na Siliki ne. Na san inda yake da tabo, na san inda fatar ta mutu ta yi sumul, ko ido rufe zan kai yatsa wurin. Siliki ba sunanta ba ne. Matan layinmu ne suka laƙaba mata saboda gashinta, har ita ma ta saba tana amsawa.

Tela ce, kayan makaranta take ɗinka wa yara a wani ɗan shago da ke bayan nawa. Ba ta da hayaniya, ba ta shiga sabgar kowa. Amma duk ranar da ɗankwalinta ya zame a cikin mata, sai hira ta tsaya. Gashi ne baƙi wuluk, miƙaƙƙe, yana sauka har tsakiyar baya. Sai ka ji ana cewa, "Tubarkalla, wannan kam baiwa ce." Wata ta kai hannu ta taɓa, wata ta tambayi man da take shafawa, wata ta ce ko dai akwai farar fata a danginsu. Ita kuwa sai ta yi murmushi ta gyara ɗauri. Ni ina gefe ina danne dariya, don na san baiwar nan a roba take zuwa, kuma ni nake shafa ta da safar hannu.

Rilaksa ne, man nan mai ƙarfi da ke miƙar da gashi. Tana shekara bakwai gwaggon da ta riƙe ta ta fara sa mata, don ta gaji da karya mataji a kanta. Tun daga ranar Siliki ba ta sake ganin gashinta na haihuwa ya wuce faɗin yatsa ba. Da ya leƙo daga ƙasa sai a danne shi. Ta taɓa gaya min cewa ko a mafarki ba ta san yadda take da nata gashin ba.

Ba ta taɓa buɗe baki ta ce da shi aka haife ta ba, wannan ko a gaban wa zan shaida. Shiru kawai ta yi. A ajin koyon ɗinki wata ta ga kan, ta koma gida ta cika wa yayanta kunne da labari, shi kuma mai gyaran firji ne. Da ya auri Siliki, uwar mijin ta tara ƙawayenta su zo su ga gashin amarya, tana ta shela cewa gidansu ya rabu da soson ƙarfe, jikokinta za su fito da gashi har baya. Siliki tana da shekara goma sha tara a lokacin. Ta ce min ta so ta yi magana, ta ga fuskar tsohuwar cike da murna, sai ta haɗiye ta ce gobe. Goben nan ita muka yi ta jira shekara goma sha takwas.

Duk bayan sati biyar take zuwa wurina, da safe kafin in buɗe wa kowa, in sa sakata. Ba ta yarda sabon tsiro ya nuna. Kwana huɗu kafin ranar ba ta wanke kai, ba ta sosawa ko ƙaiƙayi zai kashe ta, sai dai ta bubbuga da tafin hannu, don man nan idan ya samu ko ɗan ƙarzanen farce ne, ciki yake shiga. Sai in shafe goshi da kunnuwa da basilin, in raba gashin gida huɗu, in sa man a sabon tsiron kaɗai, idona a kan agogo. Minti goma sha biyar, ko ɗaya ba na ƙarawa. Sai wanki sau uku da sabulun da ke kashe ƙarfinsa, sai wani mai ƙamshi don korar warin. Ta koma gida ta ce wankin kai ta je. In maigidan ya ga ɓawon ƙuna a kan filo, ta ce amosani ne. Shi kuwa bawan Allah, daga jin ƙarar firji zai gaya maka ciwonsa, amma kan matarsa bai taɓa raba gashin ya duba ƙasa ba.

Maza biyu ta fara haifa, aski ya rufa asiri. Ta uku mace ce. Da gashin jarirta ya zube, na gaske ya fito cunkus, murɗaɗɗe, mai tauri, irin wanda mataji ke ƙara a cikinsa. Ni mai sana'ar kallo ɗaya na yi na gane kan uwarta ne sak, abin da nake dannewa duk sati biyar. Kuma wallahi kai ne mai kyau, cikakke, kitso yana zama a kansa wata guda bai tashi ba. Amma dangin uba suka ce kaico, namu ta kwaso. Gwaggonninta suka sa mata Soso. Uban ma da wasa yakan ce, "Ke kam kin yi asara, ga gashi a gida kin tsallake kin ɗebo na kakarki." Yana faɗa yana dariya yana miƙa mata alewa, bai san inda maganar take sauka ba.

A gabana yarinyar ta girma, ni nake mata kitso. Tana ƙarama takan tsaya a bayan uwarta a shagon ɗinki, ta jawo jelar gashin ta ɗora a nata goshin ta leƙa madubi. Tana shekara tara ta raɗa min a kunne, wai da gaske mamanta ce ta haife ta? Tana sha ɗaya ta daina cire ɗankwali ko a cikin ɗaki. Duk man da aka ce yana sa laushi ta shafa, har kanta yana naso a bango. Ta ce min kullum sai ta roƙi Allah ya canza mata nata ya koma irin na mamanta.

Daga nan ta fara roƙon a sa mata rilaksa, don rabin 'yan ajinsu an sa musu. Siliki ta ce sam. A shagona suka yi gardamar wata rana, ina tsakiyar tsaga wa yarinyar kai.

"Naki yana da kyau haka, 'yata. Wallahi yana da kyau."

"Ke ai dole ki ce haka, Mama, tunda ba ke kike fama da shi ba."

Siliki ta san abin da take hana ta. A lokacin tsakiyar kanta ya fara kwashewa, fatar ta yi ja ta yi ƙyalli, ni nake jawo gashin gefe in rufe mata wurin. Ta je asibiti a ɓoye, likita ya ce ta rabu da man nan tun tana da sauran abin da za ta ceta. Ta fito daga wurinsa ta zo wurina ta zauna a kujera kamar kullum.

Ranar na yi mata tas. Na ce, "Ke wace irin mace ce? Kanki yana ruɓewa, 'yarki tana narkewa a gabanki, ke kina nan kina gadin maganar da aka yi tun kina amarya. Ki kira yarinyar nan ki gaya mata."

Ta ce, "Yaya, in na gaya mata ubanta zai ji. In ya ji, uwarsa za ta ji. Da wane ido zan kalle su? Cewa za su yi da yaudara na shigo gidan."

"To 'yar taki fa?"

"Bari ta ƙara hankali."

Tana faɗa tana kuka. Ta ce wani lokaci in tana taje wa yarinyar kai, maganar takan zo mata har baki, sai ta fasa. Ta ce kullum abin ƙara nauyi yake, don bara ƙarya ce ta shekara goma sha shida, bana ta sha bakwai. Na gama faɗana, na gama tsakina, sannan na jawo safar hannu na shafa mata. Wannan shi ne nawa laifin, kuma ba na neman kowa ya wanke ni.

Sai da ciwon tsakiyar kan ya fara ruwa na ƙi. Na ce ba zan sake taɓa shi ba sai ya warke, ko za ta mutu. Sati bakwai tana yawo da ɗauri biyu a kai, tana ce wa maigidan ciwon kai ne ke damunta, kullum sai ta leƙo ta ce in duba ko ya bushe.

A cikin sati na bakwai ɗin ne, wata Asabar da la'asar, shagona cike da mata, sai ga Siliki a guje ba takalmi, tana jan yarinyar, an lulluɓe mata kai da tawul. Tun daga ƙofa warin ya buge ni, na san abin da ya faru kafin ta ce komai. Yarinyar tana da shekara goma sha uku.

Da kanta ta je kantin kayan kwalliya ta sayo, kuma mafi ƙarfi ta zaɓa, don a ganinta kanta ya fi na kowa tauri. Da safe ta wanke shi tas, ta kankare fatar da farce, tana ganin tsafta ce. Da uwar ta koma shago bayan azahar, ta shiga banɗaki ta lafta man tun daga fata har baki, ta ɗaure da leda. Wata ƙawarta ce ta gaya mata zafin shi ne alamar yana aiki, kuma iya daɗewarsa iya laushin. Sai ta cusa tsumma a baki ta zauna a ƙasa. Ta fi awa ɗaya a haka, sai da yayanta ya ji nishi ya ɓalle ƙofar, ya ruga ya kira uwar.

Na kori kowa, har da wadda na yi wa rabin kitso. Na kifa kan a baho na sakar masa ruwa. Na ga ƙuna iri-iri a sana'ar nan, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Gashin yana biyo hannuna kamar jiƙaƙƙiyar auduga, ƙasansa jajir, wani wurin fari fat. Yarinyar ba ta yi ihu ba, haƙoranta kawai ke kaɗawa. Uwar ce ke ihun, tana riƙe da ƙafafunta tana cewa, "Yaya ki taimake ni, Yaya ki yi wani abu." Na yi ta zuba ruwa har hannuna ya mutu, sannan na tare mota muka tafi asibiti.

Likitar da ta duba ta mace ce, ba ta ɓoye mana komai ba. Ta wanke, ta sa magani, ta naɗe kan da bandeji. Ta ce gefe da ƙeya za su warke gashi ya dawo, amma tsakiya, wajen faɗin tafin hannu, kada mu sa rai. Yarinyar tana kwance tana jin komai.

Muka fito muka zauna a benci muna jiran a kira mu karɓar magani, yarinyar a tsakiya. Siliki ta kama hannunta.

"Me ya sa, 'yata? Me ya sa ba ki zo kin same ni ba?"

"In same ki in ce me? Ke me kika sani a kai? Ke Allah ya ba ki naki."

Siliki ta saki hannun. Na ga ta kai hannu ƙeya ta kwance ɗauri na farko, ta kwance na biyu, a nan cikin mutane, maza suna wucewa. Gashin ya zubo. Ta sunkuyar da kai, ta kamo yatsun yarinyar ta tura su can ƙasa, inda tsiron sati bakwai ya taru. Yarinyar ta shafa nan, ta shafa can, ta ci karo da ciwon tsakiya ta ɗan janye.

"Mama, mene ne wannan?"

"Gashina ne. Shi ne nawa na gaske. Irin naki ne."

"Na saman fa?"

"Rilaksa ne. Tun ina shekara bakwai. Antinki ce take sa min."

Yarinyar ta juyo ta kalle ni. Ni da bakina ba ya mutuwa a layinmu, ranar ƙasa na kalla. Na jira ta fashe da kuka, ko ta yi ihu, wallahi da ta yi da na ji sauƙi. Sai kawai ta mayar da hannunta kan cinyarta.

"Duk lokacin da suke ce min Soso, kina zaune a wurin."

"Ina zaune."

"Da Baba yake cewa na yi asara."

"Ina ji, 'yata. Ki yafe min. Don Allah ki yafe min."

Yarinyar ta kalli bangon da ke gabanmu. Sannan ta kai hannu a hankali ta taɓa bandejin, daidai tsakiya.

"Da kin gaya min, Mama, ai da na tambaye ki minti nawa ake barinsa."

Sau biyu aka kira mu a tagar magani, babu wadda ta iya tashi a cikinmu.