Bugu na Biyar: Ga Inna Safara'u Mai Ƙwarya

Ranar Talata, 13 ga Mayu, 2025, da hantsi, ɗanki Mubarak ya kira ni ina ofis ya ce Allah Ya yi miki rasuwa a gidanki na Unguwar Shanu. Inna Safara'u, ki gafarce ni, kafin in yi miki kuka sai da tsoro ya kama ni: wa zai gaya wa Umma?

Shekara biyu ke nan da mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki, bakinta ya rufe. Wata huɗu ko sunana ba ta iya kira. Sai ga ki kin zo gidanmu na Abakpa da ƙwaryarki a ƙarƙashin mayafi, ke da kika yi kiɗan bikinta. Na haɗe rai, na ce mara lafiya ba ta son hayaniya. Kika ce, "Aziza, ke dai kawo min tabarma."

Kika ɗauko waƙar daka ta ƙuruciyarku, kika rera har gab da kalmar ƙarshe, kika yi shiru. Na ga wuyan Umma yana motsi, gumi ya keto mata. Kin ƙi taimaka mata, ni kuwa kamar in fizge ƙwaryar. Can sai kalmar ta fito, a karkace, amma ta fito. Daga baya likita ya bayyana min cewa ƙwaƙwalwa tana riga kunne sanin abin da zai biyo baya a waƙa, idan aka hana ta sai ta yunƙura ta cike gurbin. Da na gaya miki, dariya kika yi, kika ce kin san haka tun kafin a yaye shi.

Har sallamarku ta zama haka. Duk Alhamis ki bugi ƙofar ɗakinta sau huɗu, ita kuma ta ba da na biyar da hannun hagu a jikin gado.

Likita ya gargaɗe mu cewa mummunan labari zai iya dawo mata da ciwon. Kwana biyu muna ɓoyewa, muna tare masu zuwa gaisuwa tun daga zaure. Ranar Alhamis tun azahar ta kafa wa ƙofa ido. Na rasa dabara, na fita na yi bugu huɗu irin naki, da niyyar in ce kin aiko da gaisuwa.

Na biyar bai zo ba. Na shiga, na tarar da hannunta a sama, ta ƙi sauke shi. Ashe a bugun da na yi na yi saurin na uku, ke kuwa kina ɗan jinkirta shi. Ta dube ni ta ce, "Ba ita ba." Sannan a hankali ta ce, "Inna lillahi..." ta yi shiru tana jirana, yadda kika saba yi mata. Ni na ƙarasa, ina kuka. Ciwon bai tashi ba, alhamdu lillahi.

Ina miƙa ta'aziyya ga Mubarak, da 'yarki Zulaiha, da dukkan jikokinki. Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka makwancinki. Yadda kika buɗe bakin Umma, Allah Ya buɗe naki da amsa ranar tambaya. Umma ma ta ce amin, da bakinta.