Kajin da Na Hana Mai Jego

Ni dai karatuna bai wuce aji biyu ba, shi ma rabinsa bisa iccen mangwaron bayan makaranta na yi shi. Ɗan abin da na sani na duniya, a bakin murhun kakata Ige na tsince shi, a ƙauyenmu gabas da Gummi. Lokacin ɗari, in an yi sallar magariba, takan tura kara cikin wuta, ta binne gujiya a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ni gujiyar ke kai ni. Ta kuwa sani, shi ya sa take aje ni dab da ƙafarta, inda muciya ke iya cim mini.

Fuskarta duk zanzana ce, tabon aganar da ta yi tana budurwa. Ba ta taɓa ɓoye shi ba. Takan ce ciwon ya kwashe 'yan ɗakinsu, da ya iso kanta ya lasa, ya ji ɗaci, ya tofar.

Akwai tatsuniyar da ta fi so. Wai Ciwo wata halitta ce marar ƙafa. Kullum yana zaune bakin hanya awa tulu, yana roƙon masu wucewa su ɗauke shi su kai shi gari, kowa na ƙi. Ran nan sai ya lallaɓa ya shige ƙwaryar wata mata mai kirki da za ta kai wa maƙwabciyarta tuwo. Mutanen garin nan kuwa ba su barin ƙwarya ta kwana. Wanda aka kawo wa sai ya ɗiba, ya ƙara nasa, ya aika gaba. Haka Ciwo ya zaga gari bisa kawunan mutanen kirki, duk gidan da ya shiga sai kuka. Da ƙwaryar ta iso ƙofar wata tsohuwa, ta dube ta, ta dubi gidajen da ta baro, sai ta ɗauko fartanya ta binne ta har tuwon. Gari ya ce marowaciya ce, wasu sunka ce mayya, aka daina gaishe ta. Amma tafiyar Ciwo nan ta ƙare.

Na tambaye ta ko tuwon da miya aka binne shi. Muciya ta sauka a gwiwata.

"Kai, angon banza," in ji ta, "irinka na za su ɗauke shi. Har gammo za ka yi mashi."

Ba ta yi ƙarya ba. Ina da furfura a gemu shekarar da rediyo ya fara maganar murar tsuntsaye. Na yi ta dariya a majalisa, ina tambaya ko za a raba wa kaji hankici. Malamin dabbobi ya tsaya ƙofar masallacin Juma'a ya yi bayani, na saurara da kunne guda. A makon nan na je kasuwar Bukkuyum, na tarar da wani yana sakin manyan zakaru kamar kyauta. Ɗiyata Saratu ta zo gida haihuwar fari, ta sauka lafiya, kuma kowa ya san mai jego da farfesun kaza. Na cusa biyu a kwando, na ɗaure bayan mashin, ina jin na fi kowa wayo. Ina isa na sake su cikin nawa kajin.

Kwana biyu, zankon zakarun ya yi baƙi, kawunansu sunka kumbura. Wayewar gari na uku kajina na tangaɗi, wasu sun riga sun miƙe.

A wajenmu in kaza ta fara layi, ba a jira. Wuƙa ake sa mata kafin ta zama mushe, a fige, a ci, a aika wa maƙwabta cinya cinya. Matata Kulu ta riga ta ɗora ruwan zafi. Ni ma na zaro wuƙa, na take fiffiken wata, sai jaririyar ta yi kuka a ɗaki. Na dubi hannun Kulu. Da shi za ta fige kazar, da shi za ta je ta yi wa jaririyar wanka.

Nan maganar malamin dabbobi ta dawo mini, ashe kunnen guda ya riƙe. Ya ce ƙwayar cutar sabuwa ce, ido ba ya ganinta, tsuntsayen daji masu ƙaura ke kawo ta. Tana cikin kashin kaza da jininta da gashinta, tana bin kwando da takalmi da tayar mashin. Kazar da ta kamu ba ta da magani. Mai yanka da mai figa su ta fi tsallakawa kansu, kuma wanda ya taɓa irin kajin ya ji zazzaɓi da tari, ya nufi asibiti a ranar, don maganin mutum da wuri yake aiki.

Na mai da wuƙa kube.

Kulu ta ce, "Malam, mi kake jira? Za ta mace."

"Ta mace. Sauke ruwan ga."

"Ɗiyar taka fa? Iska za ta sha?"

"In ta sha iska ta kwana da rai, na yarda."

Na ɗaure hanci da rawani, na sa leda a hannuwa, na haƙa rami mai zurfi can bayan gida. Matattu da masu layi da waɗanda ke tsaye garau, duk na gama da su na zuba, na bi da toka, na rufe. Akurki da kwandon na cinna masu wuta. Na wanke mashin da takalmi, na yi wanka da sabulu har fata ta yi zafi, sannan na aika wa malamin dabbobi.

Kafin la'asar labari ya game ƙauye. Wai na binne halal da hannuna. Surukan Saratu sunka aiko a tambaya ko talauci ne ko taɓuwa. Wani maƙwabcina ya ce da na ba shi, ai cikinsa ba ya tsoron mura. Na ɗauko sanda na zauna ƙofar zaure, na ce duk mai son nama ya zo ya tone, amma ni zai fara tonewa. Ni da kowa ya sani da kwaɗayi, ranar nan ba wanda ya gane ni. Saratu ta yi jegonta da kunun kanwa da kifin gulbi, Kulu ta yi mako tana aje mini tuwo ba magana.

Sai a lokacin na gane abin da Kaka ke nufi. Ba mugaye ke yawo da ciwo ba. Masu zumunci ne, masu tsoron a ce sun yi rowa, da masu son araha irina. Wanda ya tsai da shi kuwa ba a gode mashi, don abin da bai faru ba ba shi da shaida.

Jaririyar nan yanzu ta fi ni karatu nesa. Kulu kuwa har yau, in gardama ta tashi, sai ta ce da Saratu ta ci ma ba abin da zai same ta. Nakan ce mata mai yiwuwa. Ban sani ba, ba zan kuma taɓa sani ba, don ban yarda a gwada da ɗiyata ba.