Sadakar da Ta Kashe Kifin Malam Sabi'u

Har gobe ba zan manta da ranar Larabar da Anti Rabi ta kira ni gidanta na unguwar Abbasiya, a nan Masar, ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna ta tambaya me ya sa na ce duk gidan kwastoman da aka yi rasuwa a sanar da ni nan take, har wani cikinku ya ce ko limanci nake nema. To ku gyara zama, yau za ku ji dalili.

A lokacin ban daɗe da samun ƙarin girma a shagon Amm Ragab ba, daga mai ɗibar ruwa zuwa mai zagayen gidaje. Ga wanda bai san aikin ba, shagonmu kifin ado yake sayarwa, kuma duk wanda muka haɗa wa tankin gilashi a gida mukan leƙa shi sau biyu a wata. A rage wani kaso na ruwan, a zuba sabo wanda aka sa wa maganin kashe sinadarin famfo, a matse soson matata a cikin tsohon ruwan, a duba hitar da ke ɗumama ruwan. Aiki ne mai sauƙi a baki, amma kugu ne yake biya.

Cikin gidajen da nake zagayawa babu wanda nake ɗokin zuwa kamar na Malam Sabi'u. Mutumin Gusau ne, tafinta, shi yake raka 'yan gida da suka zo jinya zuwa asibitoci. Sun daɗe da aure da Anti Rabi, Allah bai ba su haihuwa ba. A falonsa akwai dogon tanki cike da siklid na tafkin Malawi. 'Yan uwan karfasa ne, sai dai su sun yi gayu, wani shuɗi, wani rawaya. Ga faɗan tsiya, kowa da kogon dutsensa. Ga kuma ƙarya, don duk wanda ya matso gilashi sai su taru suna buɗe baki kamar ba a taɓa ba su abinci ba. Alhali a tafkinsu gansakuka suke kankara a jikin duwatsu, cikinsu ba ya ɗaukar abu mai nauyi ko mai maiƙo. Malam ya san wannan sarai. Ɗan tsunkule yake ba su safe da yamma, yana cewa, "Ku yi haƙuri yarana, ƙoshi ba naku ba ne."

Akwai wata 'yar rawaya da yake kira Mai Kunya, saboda kullum tana bayan dutse. Cikin watan Janairu, sanyi ya kankama, sai ya buga mini waya murya na rawa.

"Nasiru, Mai Kunya ta ɗauka! Maƙogwaronta ya kumbura, ta daina ci. Yalla, zo ka gani!"

Ita macen siklid a baki take renon ƙwanta. Takan riƙe su kusan mako uku ba ta cin komai, har su ƙyanƙyashe sannan ta sake su. Na je na gani, na tabbatar masa. Dattijo da furfurarsa ya tsuguna gaban gilashi yana dariya, yana ce wa matarsa ta fara shirin suna.

Bai ga sunan ba. A cikin makon ya yanke jiki ya faɗi a harabar wani asibiti, yana tsaka da yi wa wani mara lafiya tafinta.

Mun yi masa salla, mun kai shi. Mu maza aka shimfiɗa mana a masallacin da ke ƙasan ginin, mata kuwa suka cika falon sama, inda tankin yake. Kun san al'adarmu, namiji ba ya kutsa kai cikin matan zaman makoki, balle ya ce kifi ya zo dubawa. Kuma Malam mutumin jama'a ne. Matan ɗalibai, masu jinya, matan 'yan kasuwa daga unguwannin Faisal da Hadayek el-Maadi, kowa ta zo.

Sai bayan sadakar uku, da jama'a suka ja baya, Anti Rabi ta kira ni. Muryarta ta dushe. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Nasiru, yaran Malam suna mutuwa."

Tun daga matakala wari ya tare ni. Ruwan ya koma kamar kunun tsamiya, maiƙo ya yi masa rufi. A ƙasa ga gutsattsarin burodi, ga shinkafa, ga waina ta jiƙe ta ruɓe tsakanin duwatsu. Gwangwanin abincinsu, wanda kan kai Malam wata biyu, yana gefe ba ko ƙwaya. Wasu kifayen sun juya ciki sama, sun kumbura. Sauran suna saman ruwa suna haki. Babban namijin nan shuɗi, wanda ya addabi kowa da faɗa, yana kwance a gefe ɗaya, launinsa ya koɗe.

Hajiya Uwani ce ta buɗe mini ƙofa, dattijuwar da duk hidimar matan Hausawa a unguwar take hannunta, kuma ita ta tare a gidan tana taya Anti Rabi zaman takaba. Na tambaye ta wa ya zuba musu wannan.

"Kowa ma," ta ce. "Ni na ce a riƙa ba su. Ɗan nan, da ka ga yadda suke roƙo! Marayu ne fa, mai ba su ya tafi. Na ce duk wadda ta zo ta jefa musu wani abu, Allah Ya kai ladan kabarin Malam."

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na buɗe baki. Sai na ga idonta ya cika da ƙwalla, na haɗiye maganata. Me zan ce wa matar da ta yi sadaka? Rashin sani ya fi dare duhu. Na ce, "Allah Ya ba da lada, Hajiya. A taimaka mini da bokiti."

Anti Rabi tana zaune a bakin ƙofar ɗaki cikin hijabi, ta rame. Ba ta tambayi sauran ba. Ta ce, "Mai Kunya fa?"

Na haska bayan dutsen. Tana nan. Tana haki, amma cikinta bai kumbura ba, bakinta a rufe gam. Duk ruwan abincin da aka yi, ita kaɗai ce ba ta taɓa ba, saboda abin da take riƙe da shi.

Na buga wa Amm Ragab waya. Ya saurara, ya ja tsaki. "Khalas, ya Nasir, shi ke nan, tankin ya mutu. Kwashe ka zubar. Gobe mu sa mata sababbi masu launi iri ɗaya. Ma'alish, ba komai, ba za ta gane ba."

Na ce masa, "Ya Amm, matar nan ta san kowanne da sunansa."

Mutum ne mai faɗa amma ba mugu ba ne. Can ya ce zai turo ƙaramin tanki, da ruwa daga babban tankin shago, da tsohon soson matata mai ƙwayoyin da ke tsabtace ruwa.

A nan ku lura, don aikinku ne. Mace mai ƙwai a baki ba a kama ta da raga. In ta firgita ko ta tofar da su ko ta haɗiye. Kofi na nutsa a ruwa, na lallaɓa ta a hankali har ta shige da kanta, na rufe da tafin hannu na ɗauke ta. Sauran na yi musu abin da zan iya, na sauya ruwa kaɗan-kaɗan har la'asar. Babu wanda ya kai ƙarshen mako. Hajiya Uwani da kanta take naɗe su a takarda tana salati.

Ƙaramin tankin a ɗakin Anti Rabi muka ajiye shi, gefen sallayarta. Mai takaba ba ta fita, don haka ita ta zama mai gadi. Hajiya Uwani ta ce mini kwana take yi tana kallon kifin, abincin da aka kawo mata yana hucewa a rufe.

Wata safiya ta kira ni. Mai Kunya ta saki 'ya'yanta. Ba su da yawa, gurɓataccen ruwan ya ci rabonsa, kuma kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba. Anti Rabi ta dube su, ta ce, "Ga sunan da ya ce in shirya." Sai ta fashe da kukan da Hajiya Uwani ta ce ba ta yi irinsa ba ko ranar da aka fita da gawa.

Ita uwar ba ta tashi ba. Na jarraba mata kowane irin abinci, sai ta ɗauka ta tofar. Ta rame har ƙashin bayanta ya fito, ta koma bayan ɗan dutsen da na sa mata, can muka same ta ta mutu.

Da takaba ta ƙare, 'yan uwan Anti Rabi suka aiko ta koma gida. Zamanta a Masar dama a kan takardun Malam yake. Ranar da na je ɗaukar ƙaramin tankin ta tambaye ni ko za a bar ta ta shiga jirgi da 'ya'yan Mai Kunya ko a gora ce. Na ce ba za su kai ba, kuma ko sun kai babu mai kula da ruwansu. Ta gyaɗa kai. Ta bi ni har bakin matakala, hannunta a kan gilashin, ta ce, "Amana ce, Nasiru. Kada ka bari kowa ya ji tausayinsu."

Rawayen nan da ke tankin kusurwa, waɗanda na hana a sayar, jikokinsu ne. Dogon tankin Malam kuwa wani mai sayar da lemo ya saya.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, kifin gida ba kasafai mugunta take kashe shi ba. Tausayi ne, kuma mutanenmu ba su iya ganin baki a buɗe su wuce ba. Shi ya sa in an yi rasuwa a gidan kwastoma nake zuwa tun ranar farko. In yi gaisuwa, in yi addu'a, in roƙi babbar matan gidan ta lulluɓe tankin da zane, gwangwanin abinci kuma a miƙo mini in sa a aljihu. Wasu suna cewa ba ni da kara. Ina ji, ba na tankawa. Su ba su ga hannun Anti Rabi a kan gilashin nan ba.