Malama Baraka Mika'ilu da Waƙoƙin Yayarta

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Malama Baraka a garin Kura cikin shekarar 1964. Mahaifinta, Malam Mika'ilu, manomin alkama ne da tumatir tun farkon zuwan ruwan noman rani yankin, mahaifiyarta kuwa ita ce Hajara, 'yar asalin Bunkure. Su biyu Allah Ya raya wa iyayensu: ita da yayarta Kulu, wadda ta girme ta da shekara shida, wadda kuma ta goya ta, ta fara biya mata karatun allo kafin a aurar da Kulun ga wani manomi mai suna Badamasi a 1975.

Karatu, aiki da aure

An sanya ta firamare a 1971, daga nan ta wuce makarantar horar da malamai mata, inda ta kammala a 1982, aka tura ta koyar da Hausa a Bunkure. A shekarar da ta biyo baya aka ɗaura aurenta da Malam Mustapha, ma'aikacin da ke kula da rabon ruwa ga gonaki. Ɗalibanta sun shaide ta da son rubutacciyar waƙa, domin takan ɗauki baiti ɗaya ta yi ta warware shi har a kaɗa ƙararrawa ba su lura ba.

Tun 1979 Kulu ta bar ƙauye, bayan da mijinta ya sayar da gonarsa ya kama aikin majema a birnin Kano. Da majemar ta rufe, sai suka gangara wata unguwa a bayan masana'antu wadda mazaunanta ke kira Bakin Kwata. Babu wanda ya san haka a Kura, saboda kowace Sallah Kulu takan zo cikin atamfa mai kyau, da tsarabar sabulu da alewa, kowa na cewa ta dace da zaman birni.

Nazarin waƙoƙin Bakin Kwata

A 1990 Malama Baraka ta sami gurbin karatun digiri a Kano, ta nemi gidan yayarta, ta ga abin da ya tayar mata da hankali: ɗaki ɗaya da yara biyar, ruwan kwata na shigowa da damina, wata rana a ɗora tukunya, wata rana a'a. A nan kuma ta gano Kulu na tsara waƙoƙi da ajami, tana rera wa matan unguwa a makarantar Islamiyya. Wani baiti ya tsaya mata a rai:

Ruwa ya ci kwanon ɗakina,
Bai taɓa rufin asirina,
Wannan na hannun Ubangijina.

Ta nemi izini, Kulu ta ba ta waƙoƙin da hannu biyu. A kansu ta rubuta kundin digirinta, inda ta nuna cewa jigonsu ba kuka da talauci ba ne, kyautata zato ga Allah ne, kuma duk inda mawaƙiyar ta ambaci lalacewar wani abu, ɗangon da ke biye yakan ambaci abin da bai lalace ba. Malamanta sun yaba ƙwarai.

Shirin rediyo na 1995

Saboda wannan yabo wani gidan rediyo ya gayyace ta. Mai gabatarwa ya nuna shakkar cewa mawaƙiyar ta ɗanɗani talaucin da take faɗa, ita kuwa Malama Baraka, don kare gaskiyar waƙoƙin, sai ta ambaci sunan Kulu da na mahaifinsu, ta siffanta ɗakin, da tabarmar da ake ratayewa don ruwa, da ranakun da ba a hura wuta. An ji shirin a Kura, a wajen shanyar tumatir, mahaifiyarsu na zaune cikin mata.

Da ta koma Bakin Kwata, Kulu ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, sannan ta ce, "Baraka, waƙa na ba ki, ban ba ki ɗakina ba."

Ta ce, "Yaya, so na yi su yarda da ke."

Kulu ta ce, "Ai sun yarda. Yanzu da wane ido zan dubi Inna?"

Daga wannan shekara Kulu ba ta ƙara taka Kura ba. Dangi suka haɗa buhun shinkafa suka aika mata, ta yi godiya ta raba wa maƙwabta.

Shekarun baya

Malama Baraka ta ci gaba da koyarwa har ta zama shugabar makaranta a 2003, amma ba ta ƙara shiga rediyo ba, kuma ta ƙi amincewa a buga kundin nata a matsayin littafi duk da an nema. Waƙoƙin sun bazu, 'yan mata na rera su a walimar sauka, idan aka fara a gabanta sai ta sunkuyar da kai har a gama. Ba ta yanke zumunci ba: takan je Bakin Kwata kowane wata, su gaisa, su yi hirar yara, ba wadda ke tayar da zancen. Da mahaifiyarsu ta rasu a 2006, ita ta kai wa Kulu ta'aziyya birni. Ta yi ritaya a 2017.

Rasuwa

Allah Ya yi wa Malama Baraka rasuwa ranar wata Laraba cikin watan Maris na 2023, bayan jinyar hawan jini. Kafin a gama haɗa likkafani sai ga Kulu ta sauko daga motar haya a Kura da sandarta, ta ratsa taron mata ba ta dubi kowa ba, ta ce ita za ta wanke ƙanwarta. Ita ta wanke ta. Aka yi mata salla bayan la'asar, aka binne ta a maƙabartar Kura. Ta bar mijinta da 'ya'ya huɗu: Hamma, da Nafisat, da Adama, da auta Hauwa'u, wadda aka haifa a 1996 aka sa mata sunan Kulu. Allah Ya jiƙanta, Ya rufa mata asiri ranar tsayuwa.