Malam Gambo Mai Wayarin da Tsohuwar Motar Karakkai

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba na shekarar 2025, muna gona muna cirar gyaɗa aka kira ni daga Gusau cewa Allah ya karɓi ran Malam Gambo Mai Wayarin a gidansa da ke Damba, bayan gajeriyar jinya. Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Na zauna a kan kunyar gyaɗa. Malam, na yi kukan rashinka, sannan na yi kukan motarmu, don ban san wanda zai ƙara duba ta ba.

Ga wanda bai sani ba, motar tsohuwar Fijo ce ta ƙungiyar manoman Karakkai, ni ne direbanta, ta kuma girmi yawancin waɗanda take ɗauka. Ita ke kai mai naƙuda asibitin Bungudu, ita ke gudu Gusau da wanda maciji ya sara. Gyaran wutarta duk a hannunka yake, domin masu gyara na yanzu motocin kwamfuta suka koya, ba kuma laifinsu ba ne.

Kana da wani hali da ya daɗe yana ba ni haushi. Ba ka yarda mai mota ya ajiye maka makulli ya tafi shan shayi. Dole ya tsaya a gaban bonet, rana na dukansa, kana sa shi aiki. Idan batir ba ya caji, sai ka ce, "Kak ka sayi komi tukun." Ka sa mutum ya murɗa makulli ya ga ko jar wutar gaban direba ta kama, ya tayar da mota ya ga ko wutar ta mutu. Ka sa ya danna fambel, wato bel ɗin inji, da babban yatsa, ya kankare kawunan batir. Sai a ƙarshe ka miƙa masa sukundireba ya kai bayan altaneta, na'urar da ke cajin batir, mota na aiki, ya ji ko maganaɗisu ya ja ta. Wanda kuwa ya cire kan batir inji na gudu, wai yana gwada caji, ranar zai sha faɗan da ko ubansa bai taɓa yi masa ba.

Ba na manta Tajuddeen, direban Tsafe, da ya zo yana rantsuwa altanetarsa ta ƙone. Ka leƙa kawai ka ce, "Ina ƙwan jar wuta?" Ashe cire shi ya yi, wai fasinjoji na tsorata idan sun ga ja. Ka yi dariya har da riƙe ciki, ka nuna masa cewa a irin waɗannan motoci ta wannan ɗan ƙwan ne wuta ke bi ta tayar da altaneta. Ka sa masa wani, caji ya dawo, ka kuma hana kowa a garejin yi masa ba'a. Kai da kanka dai ka ci gaba da kiransa Mai Tsoron Ja har ƙarshen rayuwarka.

Ka taɓa hawa babur cikin ruwan sama ka iske ni a gindin duwatsun Kwatarkwashi, mota ta lalace, ga mara lafiya a baya. Ka gyara, ka bi bayanmu har ƙofar asibiti, ka juya ko godiya ba ka tsaya ji ba.

Kana kwance ba lafiya motar ta sake daina caji, ka ce in jira ka warware. Allah bai nufa ba. Bayan jana'izarka ƙungiya ta zauna, shugabanmu Alhaji Ashiru ya ce, "Tunda mai gyaranta ya tafi, a kira 'yan gwangwan su ɗauka." Gaskiya ya faɗa iya saninsa, amma na san mata nawa ne a garin cikinsu ya tsufa, babur kuma ba ya ɗaukar mai naƙuda. Na roƙi a bar ni in gwada.

Na aro batir, na buɗe bonet. Jar wuta ta kama, na tayar da mota, wutar ta ƙi mutuwa. Fambel lafiya lau. Na kankare kawunan batir, ba canji. Na kai sukundireba bayan altaneta, ko motsi ba ta yi ba. Sai na tuna ka ce idan babu ja, a fara duba burushin cikin altaneta kafin a zargi wani abu babba. Na kwance, na tarar sun cinye saura ɗan guntu. Na je Gusau na samo sababbi, na ɗaura, na murɗa makulli. Wutar ta kama, inji ya tashi, wutar ta mutu. Na kifa kaina a sitiyari na yi ta kuka, na kuma yafe maka duk ranar da ka sa na sha.

Tafiyarta ta farko, matan Karakkai ta kwaso zuwa Damba yi wa iyalinka gaisuwa, wasu goye da 'ya'yan da a cikinta aka kai su haihuwa. Mai ɗakinka Inna Delu ta ji ƙugin motar tun daga bakin layi, ta aiko a tambaye ni wa ya gyara. Da na shiga gaishe ta na faɗa mata, ta share hawaye ta ce, "To, Sama'ila, sai ka koya ma wani. Kak ka bari shi tai shan shayi." Na yi mata alkawari, kuma tuni direbobi biyu suka fara jin haushina.

Ya Allah ka jiƙan Malam Gambo, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa. Duk ran da motar nan ta kai asibiti a kan lokaci, ka sa masa ladan a mizaninsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Delu, da 'ya'yansa Mannir da Salma, da abokan sana'arsa na Gusau, Tsafe da Bungudu. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Sama'ila Direba, Karakkai