Sifirin ɗin Siniyya

Shekaranjiya a tashar metro ta Abbasiya na tarar da ma'aikata sun buɗe cikin matattakalar nan mai tafiya da kanta suna lafta mata giris. Mutane na ta toshe hanci suna wucewa. Ni kuwa tsayawa na yi kamar wadda aka kira sunanta, don a cikin warin nan na tashi.

Mahaifina direban tirela ne. Daga Sudan ya taho da mu Alƙahira, ni da innata da kakata, muka kama ɗaki biyu a hawa na huɗu a Ainu Shams. Motar ta wani Bamisire ce. Duk Alhamis Baba yakan ajiye tirelar a gareji bayan gari, ya dawo da kan motar kaɗai ya ajiye a wani fili da ke jikin katangar layin jirgin ƙasa, daidai inda muke hangowa ta taga.

A bayan kan motar akwai wani ƙaton farantin ƙarfe inda tirela ke ɗora ƙirjinta a kulle ta. Misirawa siniyya suke ce masa, wato sunan tiren da muke cin abinci a kai. Kaka har ta rasu ba ta daina yi wa Baba tsiya ba, wai shi kaɗai ne namijin da ta sani mai wanke siniyya ba a roƙe shi ba. Ta motarsa irin mai zamewa ce. Tana zaune a kan layin ƙarfe biyu masu haƙora, a matsar da ita gaba ko baya gwargwadon nauyin kaya, sannan sakata biyu su shige cikin haƙoran su riƙe ta. Abin da ke danne sakatun kada su fito kuwa wani sifirin ne da bai wuce tsawon yatsan babba ba.

Safiyar Juma'a ta siniyya ce. Baba ya kankare tsohon giris da ya cuɗe da yashin hanya, ya wanke da dizal, ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya da tsumma yana neman tsaga. Sai ya shafa sabo a kan farantin da cikin bakin da ke cafke tirela. Layin kuwa ɗan mai kaɗan yake ɗiga masa, ya ce giris in ya yi yawa a nan yashi yake tarawa. Sau ɗaya na tambaye shi abin da zai faru in sakatun suka fita. Bai ɗago ba ya ce, "In na taka birki kayan ba za su tsaya ba, uwata. Ta baya za su same ni." Uwata yake ce mini, don sunan Kaka aka sa mini.

Doka ɗaya ce tsakanina da shi: kada in taɓa motar. Ta mutane ce, mu kuma baƙi ne, in wani abu ya lalace ba mu da bakin magana. Bai taɓa dukana ba, amma shirunsa na fi tsoro.

Ina shekara tara, wata Juma'a a tsakiyar zafi, Inna ta aike ni sayen burodi lokacin da maza suke masallaci. Titi fayau, ba kowa. Ga siniyya tana ƙyalli a rana, ga hannun ƙarfen da ake ja a saki sakatun ya miƙo ta gefe, daidai yin lilo. Ku da kuka taɓa zama 'yan shekara tara kun san sauran. Na taka taya na hau, na kama shi na saki jikina. A lilo na uku na ji ƙas, sifirin ya yi tsalle ya faɗa cikin ƙasa.

Na ɗauka na yi ta kokawar mayar da shi, yatsuna suka kasa. Sai na ji liman ya yi sallama ta lasifika. Na ƙulle shi a bakin ɗankwalina na ruga gida, na wanke hannu da sabulu har sau uku.

Ranar kuma Baba zai tashi bayan la'asar, ya ɗauko rodi ya kai Suwes. Muka zauna cin abinci. Ina kallon wuyansa yana haɗiya, ina tuna inda ya ce kayan za su same shi. Sau biyu na buɗe baki, sau biyu na cika shi da ruwa. Da aka gama ya sauka duba iskar taya kamar yadda ya saba, ni ina kicin ina wanke-wanke. Ya daɗe kafin ya hawo. Na ce shi ke nan, ya gani. Amma ya shigo ya kishingiɗa bai ce uffan ba, sai tsorona ya ninka, don ke nan bai gani ba.

Aka yi la'asar. Ya rataya jakarsa, ya durƙusa Kaka ta sa masa albarka, ya dafa kaina ya fita. Na ƙirga takunsa har ƙasa. Da inji ya tashi gilashin tagarmu ya fara rawa.

Kaka ta kamo hannuna ta juya shi tana duban ƙarƙashin farce. Sabulu bai kai nan ba.

"Me kika taɓa?"

Na kai ɗaya hannun kan ƙullin ɗankwalina.

"To, ba ni za ki gaya wa ba. Ƙafata ba ta iya sauka hawa huɗu da gudu, taki tana iyawa. Yalla, maza."

Ban tsaya neman takalmi ba. Ƙasar filin tana ƙuna kamar kasko, ban ji ba sai daga baya. Na isa na yi ta dukan ƙofar motar da tafin hannu. Ya buɗe ya dubo ni daga can sama. Na kwance bakin ɗankwalin na miƙa masa sifirin ɗin.

Ya kashe inji ya sauko, ya ja ni zuwa bayan motar ya nuna mini. Sabon sifirin ne a wurin, sakatun sun shige daram. A gefen farantin kuma ga shatin yatsu huɗu ƙanana a cikin giris, bai goge ba.

"Tun bayan cin abinci na canza shi," in ji shi.

Cikin kuka na ce, "To me ya sa ba ka tafi ba?"

"Ke nake jira. Khalas, ya wuce, hau ki sa takalmi."

Yanzu motocin sun canza. Daga inda direba yake zaune ake danna maɓalli iska ta saki sakatun, wata 'yar fitila ta nuna masa ko sun kulle. Filin ma an gina shi. Baba ya bar tuƙi, hannunsa na rawa, kofin shayi sai an tallafa masa. Bara ina yanke masa farce na yi ƙarfin hali na tambaye shi abin da na shekara ashirin ina jin nauyin tambaya: da ban sauko ba fa?

Ya ce, "Da na tafi mana, kaya na jira. Amma uwata, na yi shekara talatin a kan hanya, birki ya taɓa tsinke mini a gangare, ban ji tsoro irin na ranar da na zauna ina kallon ƙofar gidan nan ba."