Shafin Rahima Bai Sayu Ba

Malam Abdulbaƙi ya shekara talatin yana koyar da labarin ƙasa a Gashuwa, kuma garin ya san shi da hali ɗaya: in ya furta magana, ba ya janyewa. Da ya yi ritaya sai ya koma noman tattasai a fadamar Katuzu.

A gonar nan 'yarsa Rahima ta fara ɗaukar bidiyo. Tana nuna shanyar tattasai da miyar busasshen kifi, tana Hausa tana Badanci, har mabiyanta suka kai dubu tamanin. Kuɗin talla kuwa sai a hankali.

"Baba, ƙawata ta Legas ba ta da rabin mutanena, amma ta sayi mota," takan ce. "Ni ko data bai ishe ni ba."

Ta rasu da damina, bayan jinyar kwana tara.

Tochi, mai shagon waya a Nguru kuma haifaffen garin, ya zo gaisuwa. A cikin hira ya ce wani a Legas yana sayen shafukan intanet irin na Rahima. Malam ya ɗauka kula da bidiyon za a ci gaba da yi, ya ce, "Na sayar," a gaban maƙwabta biyu. Sai bayan kwana uku ya ji cewa masu saye goge komai suke yi su zuba nasu.

Matarsa Bintu, wadda kullum bayan la'asar take kunna muryar 'yarta, ta ɗauko wayar Rahima. Ta goge ta da gefen mayafi ta miƙa masa.

Da Malam ya kai wayar Nguru, Tochi ya tura wa mai sayen jerin garuruwan masu kallo. Amsa ta zo, ya sosa ƙeya.

"Baba, mutumin ya fasa. Wai duk 'yan Gashuwa ne da Nguru da Machina, sai Nijar. Ya ce masu talla ba sa biyan abin kirki a kan mutanenmu."

"Idonmu ba shi da tsada ke nan?"

"Arha kamar tumatir ranar da mota ba ta zo ba. Ka yi haƙuri."

"Shi ya fasa, ba ni ba?"

"Shi ne, Baba."

"Maimaita, maƙwabcinka ya ji."

Tochi ya kira tela maƙwabcinsa ya maimaita.

Malam ya iso gida ana kiran la'asar. Ya ajiye wayar a kan tabarmar Bintu, ya tafi alwala. Yana wanke ƙafa ya jiyo Rahima daga ɗaki tana dariya: "Baba, matsa mana, ka tare wa tattasai rana."